Kuɗin Tallafin Bincike Amana Ne, Kuma Da Sharuɗɗa Yake Zuwa

Yau maganarmu a kan kuɗin tallafin bincike ce, wato kuɗin da wata hukuma ko gidauniya ke bai wa jami'a don malamanta su gudanar da wani bincike. Na san da yawanku kuna digiri na biyu ko na uku, wasu kuma kuna aikin tattara bayanai a ƙarƙashin wani farfesa, ana ba ku ɗan alawus. To ku saurara da kyau, domin dokokin da zan yi bayani ku ma sun hau kanku, ko da ba ku taɓa ganin takardar da aka rubuta su a ciki ba.

Bari mu fara da inda aka fi samun rashin fahimta. Idan aka ji malam wane ya samu tallafin miliyoyi, sai a ɗauka aljihunsa kuɗin suka shiga. Ba haka ba ne. Yawanci jami'a ce ke sa hannu a yarjejeniyar, asusunta kuɗin ke shiga, ita ce kuma za a tuhuma idan an samu matsala. Shi malamin jagoran aikin ne, an damƙa masa amana ya kashe kuɗin a kan abin da ya ce zai yi, a cikin lokacin da ya ce zai yi shi. Yawancin misalaina daga Amurka zan ɗauko su, saboda can ne aka fi rubuta dokokin nan filla-filla, kuma jami'o'inmu da dama sun karɓi kuɗin hukumar binciken lafiya ta Amurka, wato NIH, ta hanyar haɗin gwiwa da jami'o'in can.

Sharaɗi na farko a kan kashe kuɗin ne. A tsarin gwamnatin Amurka da ya fara aiki a Disambar 2014, kafin ka ciri ko dala ɗaya sai abin da za ka saya ya cika wasu ƙa'idoji: doka ta yarda da shi, wannan binciken ɗin ne ke buƙatarsa, kuma farashinsa bai wuce hankali ba. Giya da shagulgulan nishaɗi, alal misali, ba sa shiga. Haka nan idan kana da tallafi biyu, ba ka da ikon sayen kayan aikin wancan da kuɗin wannan don kawai na wancan ya ƙare. Jami'ar Yale ta ɗanɗana wannan. A ƙarshen 2008 ta amince ta biya gwamnati dala miliyan 7.6, kuma cikin abubuwan da aka zarge ta da su har da ɗora wasu kashe-kashe a kan tallafin da wa'adinsa ya kusa cika, don a cinye ragowar kuɗin kada a mayar.

Akwai kuma wani kaso da jami'a ke ɗauka don hidimar da take yi wa binciken, kamar wutar lantarki, gine-gine, laburare da ma'aikatan ofishin kuɗi. Shi ma da iyakarsa. NIH ta daɗe tana ba cibiyoyin ƙasashen waje kashi 8 cikin ɗari kacal a wannan fanni. A 1991 asirin Jami'ar Stanford ya tonu, aka gano an cusa kuɗin wani jirgin ruwa na shaƙatawa da furannin gidan shugaban jami'ar a cikin irin wannan lissafi. Maganar ta kai har majalisar dokokin ƙasar, kuma a shekarar shugaban, Donald Kennedy, ya sanar da cewa zai sauka.

Sharaɗi na biyu lokaci ne, kuma shi ne mutane suka fi rainawa. Idan malami ya rubuta cewa zai ba binciken rubu'in lokacin aikinsa, aka biya rubu'in albashinsa daga tallafin, to wajibi ne ya ba shi wannan lokacin, ya kuma sa hannu cewa ya bayar. A waccan shari'ar ta Yale har da wannan: an biya wasu malamai cikakken albashin hutun bazara daga tallafi, alhali wani ɓangare na lokacin wasu ayyukan daban suke yi. Kai ma mai tattara bayanai, takardar nan da ake ba ka ka cike kwanakin da ka fita aiki, kada ka ɗauke ta wasa. Da ita mai binciken kuɗi zai auna ko an biya ka a kan aikin da ka yi.

Na uku, neman izini kafin a canza wani abu babba. Za ka sauya manufar binciken? Jagoran aikin zai bar jami'ar, ko zai yi doguwar tafiya? Wa'adi ya cika ba a gama ba, kana son ƙarin lokaci? Duk waɗannan akwai hanyar da yarjejeniya ta shimfiɗa, kuma galibi a rubuce ake bi, ta ofishin jami'a mai kula da tallafi. Wai mun yi waya da jami'insu ya ce ba komai, wannan ba hujja ba ce ranar da aka zo duba takardu.

A cikin izinin nan akwai wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne amincewar kwamitin ɗa'ar bincike idan aikin ya shafi mutane. Kafin ka ɗebi jinin mutum ko ka yi masa tambayoyi a kan lafiyarsa, sai kwamitin ya duba tsarinka ya amince, shi kuma mutumin an yi masa bayani da yaren da yake ji, ya yarda da kansa. Mu 'yan Arewa ba sai an ba mu labarin muhimmancin wannan ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewar da aka nuna, bayan gwajin aka rubuta ta aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan gwajin kamfani ne, amma dokar da ke kan jami'a irinta ce, kuma rashin yardar da abin ya shuka a zukatan mutane har yau ma'aikatan lafiya suna fama da ita.

Na huɗu, gaskiya a bayanai da rahoto. Babban misali a nan Jami'ar Duke ce. A Maris na 2019 ta amince ta biya dala miliyan 112.5, saboda an yi amfani da sakamakon ƙarya na wani ɗakin gwaje-gwaje da ke nazarin huhun ɓeraye wajen neman tallafi da rubuta rahotanni, shekara da shekaru. Wani tsohon ma'aikacin jami'ar ne ya shigar da ƙarar, kuma dokar ƙasar ta ba shi dala miliyan 33.75 daga cikin kuɗin. Ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Ku lura kuma, ma'aikaciyar ɗakin gwajin aka zarga da ƙirƙirar alƙaluman, amma jami'ar ce ta biya. Shi ya sa a ƙa'ida ake ajiye rasitai da takardun tallafi aƙalla shekara uku bayan rahoton kuɗi na ƙarshe. Daga farkon 2024 ma NIH ta ce cibiyoyin waje da ke aiki a ƙarƙashin tallafinta su riƙa ba abokan haɗin gwiwarsu damar ganin littattafan ɗakin gwaji da bayanansu aƙalla sau ɗaya a shekara.

Wani zai ce ai wannan duk na Turawa ne. To a gida ma haka abin yake. TETFund, wadda dokar 2011 ta kafa, kuɗin harajin da kamfanoni ke biya take rabawa, kuma kashi-kashi take sakin kuɗin bincike, sai an ga rahoton na baya kafin a saki na gaba.

Ni abin da ya fi damuna a wannan magana shi ne wanda zai kwana a ciki. Idan mai bayar da tallafi ya daina yarda da wata jami'a, babban farfesa ya riga ya yi suna, zai samu wata hanyar. Ɗalibar da alawus ɗinta ke cikin tallafin, da matashin malamin da ke shirin nema a karon farko, su za a bari da hamma. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Saboda haka idan aka ɗauke ka aiki a wani bincike, ka roƙi jagoran cikin ladabi ya nuna maka sharuɗɗan da suka shafi aikinka, da takardar amincewar kwamitin ɗa'a. Ka ajiye kowane rasit, ka ɗauki hotonsa a waya tun kafin tawadar ta goge. Kada ka sa hannu a kan ranar da ba ka yi aiki ba, kada kuma ka cike takardar tambayoyi da sunan mutumin da ba ka gani ba, ko da an matsa maka cewa lokaci ya ƙure. Idan wani abu ya shige maka duhu, ka tambayi ofishin kula da tallafi kafin a kashe kuɗin, don bayan an kashe gyara yana da wuya.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin irin wannan tallafi, ya rubuto mana wane sharaɗi ne ya fi ba shi wahala, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.