Fili Ma Yana da Hannu a Bugun Besbol

A wasan besbol na Amurka, tsakiyar fili iri ɗaya ce ko'ina: ƙafa 90 daga tasha zuwa tasha. Amma katangar da ta kewaye filin, kowane gari da irin tasa. A Fenway Park na Boston, wanda aka buɗe a 1912, katangar hagu tana kusa, ga ta da tsayin ƙafa 37. Ƙwallon da a wani fili mai tsaro zai cafe ta a sama, a nan sai ta daki bango ta dawo, mai bugu ya ruga har tasha ta biyu.

Coors Field na Denver kuwa a kan tudu yake, kusan mita 1,600 sama da teku. Iskar can ba ta da kauri, saboda haka ƙwallo tana yin nisa, jifan da ya kamata ya lanƙwasa kuma sai ya zo kusan a miƙe. A 1999 sau 303 ƙwallo ta haura katangar filin. A 2002 ƙungiyar Colorado Rockies, wadda filin gidanta ne, ta fara ajiye ƙwallayenta a ɗaki mai danshi don rage musu tashi.

Masu ƙera wasannin kwaikwayon besbol, daga Strat-O-Matic na kati da ƙwayar ludo, wanda ya fito a 1961, zuwa Out of the Park Baseball na kwamfuta, sun san ruwa ba ya tsami banza. Shi ya sa ake bai wa kowane fili lamba. Ana gwada abin da ƙungiya da abokan karawarta suka ci a gidanta da abin da suka ci a waje. Lamba 100 ita ce tsaka-tsaki. Abin da ya haura ta, filin masu bugu ne; abin da ya gaza, na masu jifa.

Ga inda gizo ke saƙar. Cikin wasanni 162 na kaka, 81 ɗan wasa a gida yake buga su, don haka filinsu ya riga ya shiga cikin alƙalumansa. In aka ɗauki ɗan Denver yadda yake, aka sake ɗora masa lambar Coors, an biya shi lada sau biyu. Dole a fara tace tasirin filin, sannan a kai shi wani gari a ga ainihin ƙarfinsa.

Mai karatu, kafin ka jinjina wa gwarzon bugu, ko a allo ko a fili, fara tambayar inda yake buga wasanninsa na gida.