Daren Asabar A Makarantar Kwana: Inda 'Yan Mata Suke Koyon Buɗe Baki

Duk lokacin da aka tayar da zancen makarantun kwana na 'yan mata a yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum, maganar ba ta wuce katanga da masu gadi da kuɗin fansa. Ba mu ga laifin iyaye ba. Amma akwai wani abu da yarinya take samu a makarantar kwana wanda ba a rubuta shi a takardar sakamako, shi muke so mu jawo hankalin masu karatu a kai, wato wasan kwaikwayon da ɗalibai suke shiryawa da kansu.

Waɗanda suka yi makarantar kwana a cikinmu sun san yadda abin yake. Ran Asabar da dare, bayan an ci tuwon gabza, sai a haɗa teburan ɗakin cin abinci su zama dandamali, a ɗaura zanen gado biyu a igiya su zama labule, in babu lantarki a kunna fitila. Kowane gidan kwana yana da ranarsa, gasa kuwa ake yi ta gaske. Da yake babu namiji ko ɗaya a cikin ɗalibai, dole yarinya ce za ta fito a sarki, ita ce alƙali, ita ce ɗan sanda, ita ce Alhaji mai tumbin matashin kai. A aro babbar riga wurin mai gadi, a manna gemun auduga, a zana gashin baki da gawayi. Yarinyar da a gidansu aka hore ta da sunkuyar da kai in manya suna magana, ga ta a kan tebur tana yanke hukunci da murya mai ƙarfi, ɗaruruwan 'yan'uwanta suna tafi. Sa'a guda ne kawai a mako, amma wadda ta ɗanɗana shi ba ta komawa yadda take dā.

Ba Turawa ne suka koya wa 'yan matanmu kwaikwayo ba. Tun a dandali suna bikin 'yar tsana, su yi lefe, su yi kai amarya, su kwaikwayi uwar miji har da harararta. Cikin watan azumi kuma akwai tashen 'yan mata irin su Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya take shigar miji, a nuna zaman aure ana dariya ana kuma ɗaukar darasi. Abin da makaranta ta ƙara shi ne rubutu da labule da lokacin shiri. A shekarun 1930 Rupert East ya fitar da wasanni shida na Hausa domin makarantu. Malam Aminu Kano ya soma rubuta nasa tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, yana yi wa masu zalunci ba'a, daga baya ya koyar a kwalejin horon malamai ta Maru kafin ya ajiye aikin a 1950. Abubakar Tunau Mafara ya fitar da Wasan Marafa a 1949. Ashe ƙasar Zamfara tana da hannu a tarihin nan tun daga tushe.

Sai dai a lura da abu guda. Waɗannan makarantu na maza ne, marubutan ma maza ne, haka waɗanda suka biyo baya, Shu'aibu Maƙarfi mai Jatau Na Kyallu, Mohammed Sada mai Uwar Gulma, da Umaru Ɗanjuma Katsina mai Kulɓa Na Ɓarna na 1979. Wasannin da 'yan mata suka ƙaga a ɗakunan kwana, yawancinsu ba su taɓa ganin maɗaba'a ba. A bayan littafin lissafi aka rubuta su, aka yi su sau ɗaya, suka bi iska. Haka kuma ba a cika ambaton matan da suka riƙe abin ba: malamar Hausa ko ta Turanci da take zama bayan an tashi karatun dare ba tare da ƙarin ko kwabo ba, uwar ɗakin kwana da take ba da aron zanenta, da matan kicin da suke miƙa turmi da ƙwarya da faifai, su tsaya a bakin taga suna kallo. Su ne sukan fara gane wa ake kwaikwayo.

A wajenmu masu bi, Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato FCS, wadda aka fara a Gindiri a 1957, ta mai da wasan kwaikwayo wani sashe na sujada a makarantu da yawa na Arewa, musamman gab da hutun Kirsimeti da na Ista. Labarin Esta a gaban sarki, da na Rut da Na'omi, da na budurwai goma, yara da yawa a kan dandamali suka fara fahimtarsu kafin su karanta su da kyau a Littafi Mai Tsarki. Amma muna da ƙorafi a nan. Sau da yawa wasan da ake sa yaranmu yi labarinsa ɗaya ne: yarinya ta bi mai mota, ta yi ciki, an kore ta, ta dawo tana kuka. Shi mai motar kuwa ya kaɗa rigarsa ya fita, ba a sāke jin ɗuriyarsa. In an bar 'yan mata su tsara labarin da kansu, ba kasafai suke barinsa ya tsira haka ba.

Wani zai ce duk wannan nishaɗi ne, ina ruwansa da ƙauyen da yake fama da ciwo da talauci? Bari mu dubi abin da ya faru a 'Yargalma, cikin ƙaramar hukumar Bukkuyum. A 2010 aka gano cewa gubar dalma ce take kashe yara a can da wasu ƙauyukan Anka irin su Dareta da Abare da Bagega, yara fiye da 400 suka rasu. Binciken da aka yi a 'Yargalma da Dareta a wannan shekara ya nuna cewa cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun mutu a shekara ɗaya, kuma kusan kashi biyu cikin uku na gidajen a cikin gida suke sarrafa duwatsun zinariya. A tsakar gida ake dakawa, a niƙa, a shanya, inda jarirai suke rarrafe suna kai hannu baki. Likitocin ƙungiyar MSF suka buɗe wuraren jinya a Bukkuyum da Anka, aka kwashe ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. To amma gargaɗin da zai hana a koma gidan jiya, ga wa za a kai shi? Ga matan da suke cikin gida, inda baƙo namiji ba ya wuce zaure. Aikin mace ne, macen da ta yi karatun da za ta gane mene ne dalma, ta kuma iya tsayawa gaban mata ashirin ta bayyana shi da Hausar da za su karɓa, ta nuna da hannu yadda ƙura take bin riga ta shiga tuwo. Tun ƙarshen shekarun 1970 malamai da ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello suka gwada wannan hanya, suka kai wasa ƙauyuka irin su Soba da Maska da Bomo domin mutane su ga matsalarsu da idonsu. Ungozoma da malamar asibiti da malamar firamare da yankin nan yake ƙishirwarsu, mafi yawa ta makarantar kwana suke biyowa, gama yarinyar ƙauye mai nisa da sakandare ba ta da wata hanya.

Wannan hanya ce 'yan bindiga suka tare. Ran 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai daga sakandaren 'yan mata ta Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara maƙwabciyar Anka, aka sako 279 ran 2 ga Maris, gwamnatin Bello Matawalle kuwa ta ba da umarnin rufe makarantun kwana a lokacin. A watan Yulin shekarar aka ɗauke yara fiye da 120 daga makarantar Bethel Baptist a Jihar Kaduna. A Nuwamban 2025 aka shiga makarantar 'yan mata ta Maga a Jihar Kebbi, kusa da iyakar Zamfara, aka ɗauki 25, aka kashe mataimakin shugaban makarantar. Masifar ba ta tambayi addinin kowa ba. Uban da ya mai da 'yarsa makarantar jeka-ka-dawo, ko ya cire ta gaba ɗaya, ba za mu zarge shi ba. Sai dai a makarantar jeka-ka-dawo, da an kaɗa ƙararrawar tashi yarinya ta nufi gida, ga tulu ga wanke-wanke suna jiranta, babu daren Asabar balle labule.

Tsaron makarantu nauyin gwamnati ne, kada kuma mu gaji da tuna mata. Amma dandamali bai fi ƙarfinmu ba. Zumuntar Mata a kowace ikkilisiya tana da mata da suka taɓa sa gemun auduga, suna nan a cikin mawaƙa da masu koyar da makarantar Lahadi. Su tara 'yan mata a lokacin hutu, har da na maƙwabta in iyayensu sun yarda, su ba su benci huɗu da zane biyu, su bar su su zaɓi labarinsu, ko na ƙurar zinariya ne ko na auren wuri. A sami wadda za ta kwafe wasan a littafi mai bango a ajiye. Saboda halin da hanyoyi suke ciki, a fara da la'asar, a tashi kafin magariba.