Renon Irin Tumatir A Gida

Yanzu da damina ta ja baya, masu lambu sun fara shirin aikin rani, kuma da yawa daga cikinsu za su tafi kasuwa su sayi dashen tumatir a ɗaure. Wanda ya sayi dashe bai san uwar da ta haife shi ba, bai kuwa san ko ƙasar da aka ciro shi tana da cuta ba. Sai bayan wata biyu, ya riga ya kashe kuɗin taki da na ban ruwa, sa'an nan gaskiya ta fito. Renon iri a gida ba shi da wuya, ko akawu mai ɗan fili a bayan ɗaki yana iya yi a cikin tsohon akwati ko fasasshen daro.

Abu na farko shi ne iri. Roma VF da UC82B sun daɗe a hannun manoman Kadawa da Kura, waɗanda ke ban ruwa daga madatsar Tiga. Fatarsu na da kauri, suna jure tafiyar mota cikin kwando, shi ya sa 'yan kasuwa ke son su. Waɗannan ana iya cire iri daga 'ya'yansu. Amma irin aure da a ke sayarwa cikin fakiti, wanda aka rubuta wa F1, in an ajiye 'ya'yansa ba su fitowa kamar uwar, tilas a sayi sabo kowace shekara.

Mai son cire nasa iri ya zaɓi tumatir da ya nuna sosai a jikin uwa mai lafiya. Kada ya ɗebo ragowar kwando da ta rasa mai saye, gama abin da aka shuka shi kan tsiro. A matse 'ya'yan da ruwansu cikin kwano, a rufe, a bar su kwana 2 ko 3 su yi tsami. Tsamin nan shi ke narkar da yauƙin da ya lulluɓe kowace ƙwaya, yauƙin da ke hana ta tsiro da wuri. Sa'an nan a zuba ruwa a dama: na kirki za su nutse, marasa ciki su taso a zubar. A shanya a inuwa, in sun bushe ƙayau a sa cikin kwalba mai murfi.

Komin iri kada faɗinsa ya wuce ƙafa 3, domin hannu ya kai tsakiya ba tare da an taka ba. A farfasa ƙasa ta yi laushi, a gauraya da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙone saiwa. In an tara tattaka bisa komin aka ƙone kafin shuka, zafin yana rage ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. A ja layuka da tsinke, tsakaninsu inci 4, zurfi rabin inci, a jera iri jefi-jefi, a rufe da ƙasa mai laushi, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa a kai. Ban ruwa da gwangwanin da aka huhhuda da ƙusa, safe da yamma. Cikin kwana 5 zuwa 10 za a ga tsiro, nan da nan a ɗauke ciyawar a yi 'yar rumfa da ita.

A nan ne yawancin mutane su kan yi hasara. Su kan yafa iri da yawa kamar na alayyafo, su kuma cika ruwa don ƙauna. Tsiron da ya cunkushe cikin laima sai gindinsa ya tsuke daidai fuskar ƙasa, ya kwanta, komi guda ya ƙare cikin 'yan kwanaki. Wanda ya kwanta ba ya tashi. Sai a cire shi da ƙasar gindinsa, a rage ruwa, a sassabe sauran iska ta ratsa.

Dashe ya kan isa cira bayan mako 4 ko 5, sa'ad da ya yi ganye 4 zuwa 6. Saura mako guda a janye rumfa, a rage ruwa, domin ya saba da rana. A jiƙa komin sosai, a ciro da ƙasa a saiwa, a dasa da la'asar: ƙafa 2 tsakanin layi, ƙafa ɗaya da rabi tsakanin gindi. Ba laifi a nutsar da kara har kusa da ganyen farko, gama tumatir yana fid da saiwa a jikin karansa. Kada a dasa inda aka cire tattasai, ko attaruhu, ko gauta, ko taba, domin danginsu ɗaya, cutarsu ɗaya, musamman ƙananan tsutsotsin ƙasa masu sa saiwa ta yi ƙulli-ƙulli.

Maganar lokaci kuwa babba ce. Tumatir yana son sanyin dare kafin furensa ya kama. Wanda ya zuba iri a ƙarshen Satumba ko cikin Oktoba, furensa zai faɗa cikin hunturu, kuma zai fara tsinka kafin kasuwa ta cika a Fabrairu da Maris, lokacin da kwando kan faɗi warwas. Wanda ya makara har Janairu, furensa zai gamu da zafin bazara ya kakkaɓe.

Tun daga komin iri ya kamata a riƙa duba ganye saboda tsutsar nan Tuta absoluta, wadda manoma ke kira sharon. Asalinta Amurka ta Kudu, can inda tumatir kansa ya fito, kuma a 2016 ta cinye gonaki a Kano da Kaduna da Katsina har tumatir ya gagari talaka. Alamarta farin tabo ne a ganye, in an ɗaga shi ga rana sai a ga tsutsar a ciki. A tsinke irin wannan ganye a ƙone, a kuma lulluɓe komin da tsohon gidan sauro don kada uwar ta sami wurin yin ƙwai. Kafin a sayi maganin feshi, a kai ganyen wurin malamin gona ya gani.