Yadda Ake Ɗaukar Hoton Tsuntsun Teku Yana Cikin Tashi

Ɗaukar hoton mutum ba shi da wuya, don kuwa mai hoto yakan ce masa kada ya motsa. Amma tsuntsu ba ya jin wannan magana. Wanda ya je bakin teku, kamar a Legas, ya ɗauki fararen tsuntsayen nan masu shawagi suna surar kifi, sau da yawa sai hoton ya fito dishi-dishi, ba a bambanta kai da fiffike. Mutane sukan ɗora wa kyamara laifi, alhali kuwa asirin abin yana ga lokaci.

A cikin kyamara akwai wani ɗan ƙyaure wanda yakan buɗe haske ya shiga, sa'an nan ya rufe. Duk motsin da tsuntsu ya yi kafin ƙyauren ya rufe, sai ya shafu a jikin hoton. Alal misali, tsuntsun da ke gudun kilomita 36 a awa yana cin mita 10 ke nan a sakan guda. In ƙyauren ya daɗe a buɗe kashi ɗaya cikin 60 na sakan, tsuntsun ya gusa kusan santimita 17, watau wajen tsawon fensir. In kuwa kashi ɗaya cikin 2000 ne, rabin santimita kaɗai zai gusa, hoto ya fito tangaran. Wayoyin hannu ma da wannan lissafi suke aiki, kuma a waɗansunsu mutum yana iya zaɓen saurin da kansa.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce. A 1882 wani masani Bafaranshe, Étienne-Jules Marey, ya ƙera kyamara mai siffar bindiga, wadda ke ɗaukar hoto 12 a sakan guda, don ya ga yadda tsuntsu yake kaɗa fiffike.

To, amma kowa ya ci zomo ya ci gudu. In ƙyaure ya rufe da sauri, haske kaɗan ne zai shiga, hoto ya yi duhu. Maganin wannan iri uku ne. Na farko, a fita lokacin da rana ta haska sosai, a kuma ba ta baya. Na biyu, a faɗaɗa kafar da haske ke bi a cikin gilashin kyamara. Na uku, a ƙara lambar ISO, wadda ke sa hoto ya yi haske, ko da yake in ta yi yawa sai ya fito kamar an barbaɗa masa yashi.

Akwai kuma dabarar hannu. A tsaya da ƙafafu a ware, a manne gwiwar hannu a haƙarƙari, a bi tsuntsun da kyamara sannu a hankali, kada a tsaya ko bayan an danna. A ɗauki hotuna da yawa a jere, a zaɓi mai kyau. Tsuntsaye sukan fuskanci iska in za su tashi ko za su sauka, saboda haka wanda ya ba iska baya, shi za su nufo, gudunsu kuma ya ragu.

Mu da muke nesa da teku muna iya koyo a kan balbela da shirwa, ko shamuwa in damina ta kusa. Da hunturu kuma akwai tsuntsayen ruwa masu zuwa daga Turai a dausayin Haɗejiya da Nguru.

Daga ƙarshe ina jan hankalin 'yan'uwana ɗalibai, kada mu jefi tsuntsu ko mu kore shi daga sheƙa don ya tashi mu sami hoto. In uwa ta bar ƙwai, rana ko hankaka na iya hallaka su. Mai haƙuri shi kan sami hoto, tsuntsu kuma ya koma ga 'ya'yansa lafiya.