Tsokar Jikin Mutum Ma Ta San Dare Da Rana

Kowane manomi ya san zakara ba ya neman agogo kafin ya yi cara da asuba. Ganyen gyaɗa da na tsamiya kuma sukan rufe idan rana ta faɗi, su buɗe da safe. A shekarar 2013 masana a Jami'ar Nagoya ta ƙasar Japan sun ajiye zakaru a ɗaki mai haske dishi-dishi, wanda ba ya canzawa dare da rana. Duk da haka zakarun suka ci gaba da cara kusan a lokacin da suka saba. Ashe agogon a cikin jikinsu yake.

Ɗan Adam ma yana da irin wannan agogo. Shi ne ke kawo barci da dare, ya tashi mutum da safe. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, tsokar jiki ma tana da nata agogon, kuma yana da hannu a yadda take sarrafa kitse da suga. Wannan magana ta shafi kowa, domin tana da alaƙa da ciwon suga, wanda yanzu ya shigo har ƙauyuka.

Ina Agogon Yake?

Babban agogon yana cikin ƙwaƙwalwa, a wani ɗan wuri da bai kai ƙwayar shinkafa ba, daidai saman inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna. Yana ɗauke da ƙwayoyin halitta kimanin 20,000. Hasken da ke shiga ido shi ne ke daidaita shi kullum, kamar yadda mutum ke gyara agogon hannunsa da na rediyo.

Bayan wannan babba, akwai ƙananan agogo a hanta, da zuciya, da hanji, da tsoka. Su ba sa ganin haske. Saƙon ƙwaƙwalwa suke bi, sannan lokacin cin abinci da lokacin aikin ƙarfi su ma suna juya su. A shekarar 2017 aka ba Amurkawa uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, lambar yabo ta Nobel saboda gano yadda wannan agogo ke aiki. Da ƙananan ƙudajen nan masu bin ruɓaɓɓun 'ya'yan itatuwa suka yi bincikensu. Sun nuna akwai wani sinadari da ke taruwa cikin ƙwayar halitta da dare, ya ragu da rana, ya sake taruwa, kusan kowace awa 24.

Murhu Mai Makamashi Biyu

Tsoka ita ce jan naman jiki da ake noma da daka da tafiya da shi. A jikin baligi takan kai wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyinsa. Kamar murhu take, mai amfani da makamashi iri biyu. Na farko suga ne, wanda jiki ke samu daga tuwo, da fura, da shinkafa, da rogo. Shi kamar kara yake, nan da nan ya kama, nan da nan ya cinye. Na biyu kitse ne, wanda yake kamar gawayi, yana ci a hankali kuma yana daɗewa. Giram 1 na kitse ya fi giram 2 na suga ba da ƙarfi.

Idan mutum ya ci abinci, suga yakan ƙaru cikin jini. Sai wata gaɓa da ke bayan tumbi ta saki wani sinadari mai suna insulin. Aikinsa kamar na mabuɗi ne: yana buɗe ƙofar tsoka domin suga ya shiga. Tsoka ce ke kwashe mafi yawan sugan da insulin ke fitarwa daga jini. Da dare kuwa, lokacin da mutum ke barci ba ya cin komai, sai jiki ya koma ga kitsen da ya ajiye. Tsoka kanta tana da 'yan ɗigon kitse a cikinta, tamkar ƙaramin rumbu kusa da murhu.

Lafiyayyar tsoka ita ce wadda ke iya sauyawa daga wannan makamashi zuwa wancan a kan lokaci.

Abin Da Masana Suka Gano

A shekarar 2017 masana na Jami'ar Geneva a ƙasar Suwizalan, tare da abokan aikinsu na Ingila, sun fitar da sakamakon wani gwaji. Sun sa lafiyayyun mutane hutawa, suna ba su abinci daidai wa daida kowace awa. Suna kuma ɗebo ɗan tsokar cinyarsu duk bayan awa 4. Sai suka ga wasu nau'o'in kitse na cikin tsokar suna ƙaruwa suna raguwa gwargwadon lokaci, alhali abincin bai canza ba.

Ba su tsaya nan ba. Sun raini ƙwayoyin tsokar mutum a cikin kwano a ɗakin gwaji, inda babu ƙwaƙwalwa, babu fitowar rana. Nan ma kitsen ya ci gaba da hawa da sauka. Da suka lalata agogon ƙwayoyin kuwa, sai tsarin ya rikice. Wannan ya tabbatar tsoka tana lissafin lokaci da kanta.

A shekarar 2018 kuma, masana na Jami'ar Maastricht a ƙasar Holan suka gwada samari 14 masu ƙoshin lafiya. Sun juya musu rayuwa da awa 12, dare ya zama rana, rana ta zama dare, har da lokacin cin abincinsu. Cikin 'yan kwanaki kaɗan tsokarsu ta rage jin insulin. Agogon tsokar bai bi sabon tsarin ba, yana nan kan tsohon lokacinsa. An kuma ga alamun tsokar ta karkata ga sarrafa kitse. Wato abinci ya zo, amma murhun bai shirya karɓarsa ba.

Ina Haɗarin Yake?

Kitsen cikin tsoka ba cuta ba ne. 'Yan tseren dogon zango suna da shi da yawa, kuma lafiyarsu lau, domin kullum suna ƙona shi suna sake zubawa. Matsalar ita ce idan ya taru ba a amfani da shi. A nan ne wasu ɓurɓushinsa ke hana insulin aiki, kamar tsatsa a cikin kwaɗo. Sai suga ya rasa hanyar shiga tsoka, ya yi ta yawo cikin jini. Idan aka ɗauki shekaru a haka, ana iya kamuwa da irin ciwon sugan da ke kama manya.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa abinci iri ɗaya ya fi ɗaga sugan jini idan an ci shi da dare fiye da safe. An kuma lura masu aikin dare na shekara da shekaru sun fi saura kamuwa da ciwon suga. Cikinsu akwai masu gadi, da direbobin manyan motoci, da ma'aikatan jinya, da masu gashin burodi. Ba wannan kaɗai ke kawo ciwon ba. Gado, da ƙiba, da rashin motsa jiki duk suna da hannu.

Sammakon Manomi

Akwai labari mai daɗi ga masu sammako zuwa gona. A shekarar 2019 masana na jami'o'in Bath da Birmingham a Ingila sun ba da sakamakon gwajin mako 6 da suka yi da maza 30 masu ƙiba. Waɗanda suka motsa jiki kafin karin kumallo sun ƙona kitse ninki biyu na waɗanda suka fara ci kafin su motsa. Jikinsu ya kuma ƙara jin insulin, ko da yake ba su fi sauran rage nauyi ba. Ke nan manomin da ke yin 'yan kunyoyi da sanyin safiya kafin a kawo masa koko ko ɗumame bai yi asara ba.

Amma a yi hattara. Mai ciwon suga da ke shan magani ko yin allura kada ya kama aikin ƙarfi da yunwa sai ya tambayi likita, domin sugansa na iya faɗuwa ƙwarai har ya suma. Haka ma mai ciki, da mai shayarwa, da yara.

Abin Da Ya Kamata A Yi

1. A ci tuwon dare da wuri, a bar awa 2 zuwa 3 kafin a kwanta.

2. A ba abincin safe da na rana muhimmanci, a rage cika ciki da tsakar dare, musamman da shayi mai zaƙi da lemon kwalba.

3. A tsayar da lokacin kwanciya da na tashi. Baligi na bukatar barcin awa 7 ko fiye.

4. A fita cikin hasken safiya, a kuma rage kallon waya da talabijin idan dare ya yi nisa.

5. Mai aikin dare ya ci babban abincinsa kafin ya fita aiki, ya taƙaita ci da tsakar dare, ya kuma rufe tagogi ya yi barci sosai da rana.

6. Wanda ke yawan fitsari, da ƙishirwa, da rama ba dalili, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ya hanzarta zuwa asibiti mafi kusa a auna masa jini.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa. Magidanta da uwayen gida su ne za su fara, ta hanyar ɗora tukunyar dare da wuri da kuma sa yara kwanciya a kan lokaci. Waɗanda suka iya karatu kuma su karanta wa 'yan'uwa a dandali da ajin yaƙi da jahilci. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.