Yadda Yara Ke Koyon Sallah A Nguru Da Gashuwa

A Nguru, inda layin dogo daga Kano ya tuƙe, da Gashuwa, hedikwatar Masarautar Bade, yaro da ido yake fara koyon sallah. Da an kira Magariba zai ɗauki buta ya bi mahaifinsa masallacin unguwa, ya tsaya a sahun baya yana kwaikwayon ruku'u da sujada. 'Ya mace kuwa tana gefen tabarmar mahaifiyarta.

Makarantar allo ce ke ɗora masa Fatiha da gajerun surori, daga bisani littafin Ahalari ya koyar da shi farillan alwala da ƙabli da ba'adi. Amma hadisin da Abu Dawud ya ruwaito, na umartar yara da sallah a shekara 7, iyaye ya ɗora wa nauyin.

Nan ne ƙalubalen ma'aikacin da aiki ya kawo Abuja. Yakan bar Nyanya da duku-duku, ya dawo bayan Isha'i yara sun yi barci. Kuɗin Islamiyya yana biya, sai dai 'ya'yansa ba sa ganin goshinsa a ƙasa. Asuba ta rage masa, da ranakun Asabar da Lahadi.