Yadda Ake Mulmula Ƙwayoyin Garin Ƙarfe da Dalilin Tsadarsa

A kasuwar garin ƙarfe, siffar ƙwaya ita ce ke yanke farashi. Garin da ƙwayoyinsa suke mulmulallu kamar gero ya fi mai kaushi tsada, ko da ƙarfensu ɗaya ne. Dalili kuwa shi ne, mulmulallen gari yana kwarara sumul, yana kuma cika gurbi ba tare da barin giɓi mai yawa ba. Irinsa na'urorin ɗab'in ƙarfe na 3D ke bukata, domin sukan shimfiɗa garin siriri, hasken leza ya narka shi hawa-hawa har a sami sashen injin jirgin sama ko ƙashin ƙugu na wucin gadi.

Dabarar daɗaɗɗiya ce. A shekarar 1782 wani Bature mai suna William Watts, mutumin Biristol ta ƙasar Ingila, ya yi rajistar hanyar yin harsashi ta kwararo narkakkiyar dalma daga saman hasumiya. Kowane ɗigo yakan dunƙule a iska kafin ya faɗa ruwa. A kan wannan ƙa'ida hanyoyin zamani suka ginu, wato a bai wa ɗigon ƙarfe lokacin dunƙulewa kafin ya daskare.

Hanyar da aka fi bi ita ce a tsiyayo narkakken ƙarfe, a tarwatsa shi da iskar agon ko naitirojin mai tsananin ƙarfi, ɗigon ya huce yana faɗowa. In da ruwa aka tarwatsa shi, yakan daskare nan take, ya fito da kaushi, amma da araha. Irin wannan gari masu ƙera kayan mota ke matsawa cikin zubi su gasa, kuma kamfanin Höganäs na ƙasar Suwidin ya shahara da shi.

Hanya ta biyu ita ce a juya sandar ƙarfe da matuƙar gudu ana narka bakinta, ɗigon ya riƙa fallatsa. Garinta yana da tsabta ƙwarai, sai dai ƙwayoyin kan yi girma.

Ta uku ita ce a zuba gari mai kaushi cikin harshen filasma, wato iskar da lantarki ya zafafa har wajen digiri 10,000, kowace ƙwaya ta narke ta mulmule. Kamfanin Tekna na ƙasar Kanada yana ƙera injinan wannan aiki.

Saboda haka, ya kamata mai saye ya tambayi hanyar da aka bi, da girman ƙwaya. Na'urorin leza galibi suna aiki da maikuron 15 zuwa 45, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Ana gwada kwararar garin ta zuba giram 50 a mazurari a ƙirga daƙiƙoƙin da zai ɗauka. Garin da ya toshe mazurari bai cancanci kuɗin mulmulalle ba.